Akori-kurar da Ta Ƙi Tsayawa a Gangare

Masu jiran motar haya a gindin gangaren su suka fara hango ta. Tsohuwar akori-kura ce shuɗiya wadda kowa a unguwar ya sani, tana gangarowa da injin niƙa ɗaure a bayanta, babu ƙarar inji, sai kukan hon da ya ƙi yankewa. Kafin su gama watsewa ta kauce musu, ta haye bakin kwata, ta yi karo da ginshiƙin gada. Injin niƙan ya tsinke igiya ya danno gidan direba ta baya. Da aka zaro Direba da sauran numfashinsa, abin da ya iya faɗa ke nan: "Birki ya zama dutse." Bai kai asibiti ba.

Kafin a dawo daga jana'iza unguwa ta riga ta yanke hukunci. Mai Birki ne. Shi ne makanikin da ya taɓa ƙafafun motar, ya gyara mata birki a makon da ya wuce, kuma a gaban mutane suka yi cacar baki da marigayin, har Direba ya kira shi ɗan koyo, shi kuma ya ce masa zai gani. Aka fara taruwa a ƙofar garejinsa da duwatsu a hannu. Sajan ɗin ofishin 'yan sanda na unguwar ya zo ya tafi da shi ya kulle, rabi don zargi, rabi don kada a kashe shi.

Matar marigayin tana da yaya, wani dattijo da ake kira Mai Sawu. A gandun daji ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun ɓarayin namun daji, har gwiwa ta gaza ya ajiye aiki. Ya same ta a ɗaki cikin mata, ta fito da shi bakin ƙofa.

"Yaya, kowa ya ce Mai Birki ne."

"Haka na ji."

"Ni ban sani ba. Kuma ba na so a zubar da jinin wani da sunan mijina sai na sani. Ka duba mini."

"Ni ban san mota ba, ƙanwata. Ko tuƙi ban iya ba."

"Ai a ƙasa ta bi," in ji ta, ta koma ciki.

Ya ɗauki sandarsa ya nufi gada.

Motar tana nan inda ta tsaya, an zagaye ta da igiya. A ƙarƙashinta man birki ya kwanta, kuma shi mutane ke nunawa suna cewa ga shaida, an kwance mata wani abu. Mai Sawu ya durƙusa da ƙyar. Man a kan fasassun gilasai ya zuba, ba a ƙarƙashinsu ba. Wato sai da ta yi karo sannan ya zube. Ya bi titin ya hau sama a hankali, idonsa a ƙasa. Ko ɗigon man birki babu a hanya. Kusa da gindin gangaren tayoyin baya sun ja ƙasa, alamar Direba ya finciki birkin hannu. Sama da nan kuma akwai gogar tayoyin gaba, amma sama-sama, kamar birkin ya kama da rabin zuciya.

Daga saman gangaren zuwa farfajiyar da motar ke kwana hanyar ƙasa ce, kuma a nan ya samu abin karantawa. Tsohuwar mota ba ta rasa yoyon baƙin mai. In tana tafiya, ɗigon yakan faɗi a warwatse, kowanne da ɗan wutsiya. In ta tsaya, sai ya taru wuri guda. Ya ga ta tsaya a inda babu dalilin tsayawa: babu mararraba, babu rami, babu gidan kowa. Gaba kaɗan ta sake tsayawa. A kowane wuri akwai baƙin hayaƙi da salansa ta fesa a ƙasa, irin na motar da aka tayar da ƙarfi ana danna mata totur. A tsayawa ta ƙarshe, gaban wani kanti, ga sawun takalman Direba sun sauko, sun zaga gaban motar, sun daɗe a tsaye, sun koma.

Mai kantin, wata mace mai jiki, tana zaune ta rafka tagumi.

"Sannu da haƙuri, Baba."

"Sannunmu. A nan ya tsaya da safe?"

"A nan ta mutu masa. Ya buɗe gaba ya leƙa, ya rufe. Na ce masa, yau kuma tsohuwar taka mura take yi? Ya yi dariya ya ce kishi take da injin da ya ɗora mata." Ta share ido da bakin mayafi. "Maganarmu ta ƙarshe ke nan."

"Me ya sa kika ce mura?"

"Ai wani irin numfashi take yi. In ya danna ta, ta yi ƙara lafiya. Da ya saki sai ta hau karkarwa, kana jin wani sii-sii kamar mai shan iska ta haƙori, sai ta mutu."

"Jiya ma haka take?"

"Jiya lafiyarta ƙalau. Ta wuce nan da yamma kamar amarya."

Mai Sawu ya yi mata godiya ya wuce. Kowa birki yake magana, ƙasa kuma inji take nuna masa.

Farfajiyar tana bayan gidan su marigayin, da katanga da ƙofar ƙarfe. A gefe guda ɗakin niƙa ne da mahaifinsu ya bari, a ɗaya gefen rumfar Mai Gadi. Tun daga nesa hancin Mai Sawu ya kama warin fetur, kuma bai sha wahala ba ya zaƙulo jarka da ɗan tiyo a bayan tabarmar mai gadin.

"Wannan fa?"

"Na... na wanke hannu ne, Baba."

"Da fetur? Hannun naka na ƙarfe ne?"

Mai Gadi ya zube. Ya rantse da duk abin da ya sani cewa ɗan kaɗan yake zuƙa don babur ɗinsa, kuma bai taɓa ƙara mata ruwa ko kananzir don cike gurbi ba. Mai Sawu bai yarda ba. Gurɓataccen mai zai iya sa inji ya riƙa mutuwa, wannan ko shi ya sani. Ya aika aka kira Sajan, suka koma gada, aka tsiyayo mai daga tankin motar a kwalba aka ɗaga ta a rana. Garau yake, ba ruwa a ƙasa, ba warin komai sai fetur.

"Ɓarawo dai ɓarawo ne," in ji Sajan, "amma wannan bai kashe kowa ba. Baba, ka bar wahalar da gwiwarka. Mamacin da bakinsa ya ce birki."

"Ya ce birki ya zama dutse. Bai ce ya tafi ba."

"Mene ne bambancin?"

"Shi nake so in sani."

Abu ɗaya Mai Gadi ya ƙara da aka matsa masa. Jiya da yamma shi da Direba da masu dako suka ɗora injin niƙan a mota, don da safe za a kai wa wanda ya saya. Ƙanen marigayin, wanda ake kira Auta, ya ƙi sa hannu. Shi ke aiki da injin tun rasuwar mahaifinsu, kuma bai yarda da sayarwar ba. Ya ce da yayansa gara ya sayar da ƙofar gidan. Da gari ya waye Mai Gadi ya tafi gida ya karya, ya bar ƙofa a saye kamar kullum, kafin ya dawo mota ta fita.

Mai Sawu ya sami Auta a ɗakin niƙa. Ɗakin ya yi fayau, sai dandamalin siminti da kusoshi huɗu a tsaye inda injin ya zauna shekara da shekaru. Gari ya lulluɓe ko'ina, bango, taga, har yanar gizo. Auta yana zaune a kan dandamalin, idanunsa sun kumbura.

"Yaya," ya ce, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna. Allah ya ba mu haƙuri. An ce kun sami saɓani jiya."

"Mun samu. Ya ce injin ya tsufa, gyara ya fi aiki yawa, gara a sa wa Inna rufin ɗaki sabo. Na ce a nan Baba ya koya mini komai. Ya ce shi ne babba." Ya shafa dandamalin da tafin hannu. "Da na san ba zan ƙara ganinsa ba, da ban ɗaga masa murya ba."

"Ka je kusa da motar?"

"Ni? Tun da aka ɗora shi ko inuwarta ban taka ba. Ba na iya kallonta."

Mai Sawu ya dafa kafaɗarsa. Kukan gaskiya ne, ya san wannan. Da zai fita, idonsa ya sauka a ƙasa don sabo, ba don zargi ba. A kan gari sawu yakan fito kamar an zana. Na Auta daban yake da na kowa: ya yi wa takalmansa sabuwar ƙasa da tsohon bel ɗin injin niƙa, sai sawun ya fito da saƙa kamar ta buhu.

Washegari da safe Sajan ya bar shi ya ga Mai Birki. Yana zaune a kan benci a bayan kanta, leɓensa a fashe inda dutse ya same shi.

"Baba, na ce masa zai gani, ban musa ba. Nufina zai ga aikina ya yi kyau. Wa zai kashe mutum don ya kira shi ɗan koyo? Matata ma tana kira na abin da ya fi haka."

"Bar wannan. Ni jahili ne a mota, ka koya mini. In aka kwance wa birki wani abu, mai ya zube, yaya ƙafa take jin sa?"

"Laushi. Ka taka ya tafi har ƙasa, kamar ka taka soso."

"In kuma ya yi tauri kamar dutse?"

Mai Birki ya ɗago kai. "Wa ya ce ya yi tauri?"

"Marigayin."

"Ni ce mini aka yi birki ya tsinke!" Ya miƙe tsaye. "Baba, in ya yi tauri ba ƙafafun mota ba ne. Ba inda na taɓa ba ne. Ka ga, ƙafar mutum ita kaɗai ba ta isa ta tsayar da mota da kaya ba. Akwai wata baƙar tukunya a bayan inji, jikin bangon da ke gaban direba. Ita ke ƙara wa ƙafa ƙarfi. Ita kuma ba ta da ƙarfin kanta, aro take yi. Inji yana zuƙar iska in yana aiki, to akwai tiyo mai kauri da ya taso daga inji zuwa tukunyar, da wannan zuƙar take aiki. In inji ya mutu, taku ɗaya ko biyu ya rage maka, daga nan sai dutse."

"In tiyon ya huje fa?"

"Duka biyun za su kwanta. Inji zai sha iskar da ba tasa ba, ya riƙa karkarwa, yana mutuwa da an saki totur. Tukunya kuma ba ta samun rabonta."

"Yana yin ƙara?"

"Sii-sii, kamar maciji."

Mai Sawu ya juya ya dubi Sajan. Sajan ya ɗauki hularsa.

Su uku suka je gada. Da ƙarfe aka ɓanɓare murfin gaban motar. Karon bai kai bayan injin ba. Mai Birki ya zura hannu ya shafa tiyon ta sama, lafiya. Ya juya shi, sai ga baki a buɗe ta ƙasa, inda mai leƙowa daga sama ba zai gani ba.

"Tsufa ne?" in ji Sajan.

Mai Sawu ya karɓa ya kai kusa da ido. Ya sha ganin igiyar tarko da aka yanka da wadda ta tsinke. "Rabin nan yagewa ya yi, ga bakinsa kaca-kaca. Amma farkonsa a miƙe yake, sumul. Wuƙa ce ta fara, girgizar inji ta ƙarasa."

"Shi ya sa ya iya fita da ita," in ji Mai Birki a hankali. "Da fari ɗan yoyo ne. Kafin ya kai gangare ta buɗe. Ya saki totur zai sauya giya, ta mutu masa, ga kaya a baya." Ya kau da kai.

Daga nan Mai Sawu shi kaɗai ya koma farfajiya. Inda motar ke kwana ƙasa ta yi baƙi da mai, kuma ba wanda ya taka wurin tun da ta fita, don kowa yana gudun ɓata takalmi. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, sai ya ɗauko kwanon wanki ya kife a kan wani wuri, ya zauna kusa da shi. Ya fi son a ce bai iya aikinsa ba.

Da yamma Sajan ya tara su a farfajiyar: Mai Birki, Mai Gadi, Auta, da matar marigayin, wadda ta ce sai ta zo. Mutanen unguwa suka cika bakin ƙofa. Inna, mahaifiyar marigayin, tana ɗakinta a cikin gida, tsufa da rashin gani sun hana ta fita.

Mai Sawu ya ɗaga tiyon ya nuna musu. Ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa, ya sa Mai Birki ya maimaita bayanin tukunya.

"Birkin da wannan mutum ya gyara lafiyarsa lau," ya ce. "Ya kama iya ƙarfin ƙafar mutum ɗaya. Wanda ya yanka wannan tiyo, a nan ya yanka shi, motar tana tsaye. Shekaranjiya da yamma lafiya ta shigo, jiya da safe ta fita da ciwo."

"Ni dai fetur kawai..." in ji Mai Gadi.

"Yi mana shiru," in ji Sajan.

Mai Sawu ya ɗage kwanon. "Tiyon yana can ƙurya, sai mutum ya tsaya a gefen nan ya miƙa sosai. Ga inda ya tsaya. Ya dogara a ƙafar dama, yatsu sun nutse, dunduniya ta ɗaga. A kan ɗanyen mai ya taka, wanda ya ɗiga bayan an ajiye ta. Kuma ku duba nan: tayar baya ta bi ta kan gefen sawun da za ta fita. Wato kafin ta fita aka yi shi."

Sajan ya sunkuya. A cikin baƙin man, sawun ya fito da saƙa kamar ta buhu, da ɗan farin gari a cikin ramukan.

Ba wanda ya ambaci suna. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka sauka a ƙafafun mutane, suka tsaya a wuri guda.

"Auta," in ji Mai Sawu, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ka ce mini ko inuwarta ba ka taka ba."

Sai Auta ya durƙushe a ƙasa.

"Ban taɓa birki ba," ya ce. "Wallahi ban taɓa birki ba. Inji na taɓa. Na san in inji ya sha iska ba ya tafiya, haka namu yake yi. Na ce za ta ƙi tashi, ko ta mutu masa a bakin ƙofa, mai saye ya gaji ya fasa. Kwana ɗaya kawai nake nema in sake roƙonsa. Na zaɓi tiyon da ba na mai ba don kada wuta ta tashi. Don kada wani abu ya same shi na zaɓe shi!" Ya dubi Mai Birki kamar mai neman ceto. "Tiyon inji ne, ko ba na inji ba ne?"

"Kansa ɗaya na inji ne," in ji Mai Birki. "Ba ka bi ka ga inda ɗaya kan ya tafi ba."

"Da ka ji ta tashi ta fita fa?" in ji Sajan.

"Ina ɗakin niƙa. Na ji ta mutu a waje, na ji daɗi. Na ji ta sake tashi. Na ce gaba kaɗan za ta tsaya." Ya kifa fuskarsa a ƙasa. "Na ce gaba kaɗan."

"Kuma kana ji aka jefi wannan bawan Allah da dutse, ka yi shiru," in ji Mai Sawu.

A bakin ƙofa, waɗanda suka ɗauki duwatsu jiya suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da Mai Birki.

Sajan ya kama hannun Auta ya ɗaga shi. Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah mu bi ta nan waje. Kada a bi da ni ta cikin gida. Yaya, kai ka faɗa wa Inna. Ka ce mata na yi tafiya."

Sai a lokacin matar marigayin ta yi magana. Tun da aka fara ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba.

"A'a," ta ce. "Ni na shiga na faɗa mata mutuwar ɗanta na farko. Na riƙe ta har ta daina shure-shure. Wannan ba zan ɗaukar maka ba, Yayana ma ba zai ɗauka ba. Kai za ka shiga ka faɗa mata da bakinka."

Sajan ya dubi Mai Sawu. Mai Sawu ya gyaɗa kai.

Suka bi ta ƙaramar ƙofar da ta haɗa farfajiya da gida. Sajan ya tsaya daga waje ya cire hula. Auta ya tuɓe takalmansa a bakin ɗakin, ya daɗe yana riƙe da labule kafin ya ɗaga. Mai Sawu ya jingina da bango, gwiwarsa tana zogi, ƙanwarsa a gefensa ta riƙe hannun rigarsa kamar lokacin da take ƙarama.

Daga ciki suka ji motsin gado, sannan muryar tsohuwar, a dishe saboda kuka.

"Wane ne? Auta, kai ne? Zo nan kusa da ni. Tun jiya ba ka ci komai ba, na sani. Zo, kai kaɗai ka rage mini."